Shari'ata da Malam Sidi a Kan Taken Ƙasa

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da aka yi bikin raba kyaututtuka a makarantar unguwarmu ba, kuma ko ni na yi niyyar mantawa, matan unguwar tamu, Kusfa, ba za su bari ba. Har yau in na shiga gidan suna sai wata ta matso kusa da ni, fuska a murtuke kamar gaske, ta ce ko zan ɗan ja musu taken ƙasa kafin a kawo abinci. Ina taya su dariya, don ba ni da bakin magana. Kowa ya ba da labarin yadda ya ga dama, har da waɗanda ba su je ba, to bari ni ma in ba da nawa.

A lokacin watana bakwai da zama alƙaliyar kotun majistare. Wata bakwai kacal, amma wallahi in ka ga takuna sai ka rantse ni na rubuta kundin tsarin mulki da hannuna. Abin da ke ɓata mutum a wannan aiki shi ne tashin da ake yi masa. Kana zaune a ofis, ɗan sanda ya buga ƙofa sau uku, ya ɗaga murya ya ce "Kotu!", ka fito ka tarar da lauyoyi masu furfura, sa'annin babanka, sun miƙe suna rusunawa. Sati biyu ana yi mini haka sai abin ya shige mini jini, na fara tafiya da shi gida. 'Ya'yana biyu suka yi faɗa a kan rimot ɗin talabijin, na saurari kowane ɓangare a nutse, sannan na ɗage zaman zuwa Talata. Maigidana ya daina kirana da sunana ya koma "Ya Mai Shari'a" (ni kuma saboda tsabar wauta na ɗauka girmamawa ce). Gwaggona kaɗai, yayar babana, ta taɓa ce mini in rage, wai kaina ya fara fin ɗankwalina girma. Na ce mata ba ta san nauyin ofis ba ne.

Makarantar da nake magana firamare ce ta al'umma. Iyayenmu ne suka haɗa kai suka gina ta a cikin unguwa, kuma a can na yi karatuna. Kwamiti ke tafiyar da ita, shi ke ɗaukar malamai, shi ke sallamar su. Da aka ji 'yar unguwa ta zama alƙaliya sai dattawa suka ce ai an huta neman shugaban kwamiti. Na ɗan yi musu kawaici na minti biyu, sannan na karɓa hannu bibbiyu.

Ranar Laraba da yamma, kwana uku kafin bikin, hedimasta ya same ni a gida da fayil a hammata. Sunansa Malam Bala, shekararsa biyu a makarantar, mutum ne mai ƙwazo, sai dai yana tsoron takarda fiye da yadda yake tsoron maciji. Shekarar ce aka canza taken ƙasa, aka ajiye wanda muka tashi da shi aka dawo da na zamanin iyayenmu. Ya ce takarda ta zo daga ofishin ilimi a kan haka, shi kuma tun daga ranar yake bin layi-layi a wajen taron safe yana duba bakin kowa, yara da malamai, don ya tabbatar an haddace. A nan ne ya gano cewa bakin Malam Sidi ba ya motsi. Ya yi masa magana sau uku, ya ba shi takardar gargaɗi, amma ya ƙi. Shi a ganinsa in jami'an ilimi suka zo bikin suka ga haka, makarantar ce za ta kwana a ciki. Ya buɗe fayil ya nuna mini takardar sallama, an riga an buga ta, sa hannuna kawai take jira.

Malam Sidi kuwa ba baƙona ba ne. Shi ke koyar da Larabci da addini a makarantar tun kafin a yi mata rufin kwano, shi ya koyar da ni a aji huɗu. Dogon mutum siriri, ba ya duka, ba ya tsawa, in ka yi laifi kallo ɗaya zai yi maka ka ji ka raina kanka. Ba shi da gona, ba shi da shago. Wannan koyarwar ita ce cinsa da shansa, shi da iyalinsa, kuma a shekarunsa in aka sallame shi babu inda zai je ya sake fara neman aiki.

Duk na san wannan. Da mai hankali ce ni a ranar, da na sa mayafina na taka zuwa zaurensa na gaishe shi, na tambaye shi abin da ke faruwa. Amma ina, kalmar "ya ƙi" kawai na ji, sai alƙalancin ya motsa. Na ce wa hedimasta a dokance ba a hukunta mutum ba a ji ta bakinsa ba, don haka zan yi zama da safiyar Asabar kafin a fara biki. Ko fayil ɗin ban karanta ba, na dai ce ya taho da shi. Da zai fita ya tambaye ni, cikin ladabi, ko ni ma na riga na haddace sabon taken. Na yi masa wani kallo na ce taken ƙasa ai ba abin da za a tambayi jami'ar shari'a ba ne. (Gaskiyar magana ita ce sau biyu na taɓa jin sa a rediyon mota, kuma duka biyun ina waya.)

Ranar Asabar na shirya kamar mai zuwa kotun ƙoli. Baƙar abaya, farin mayafi, tabarau ɗin da ba na bukata sai in zan yi karatu. Har na roƙi Kofur Iliya, ɗan sandan da ke tsaron kotuna, ya raka ni, alhali ranar hutunsa ce. Bawan Allah ya zo da kakinsa a goge. Muna isa ƙofar ɗakin malamai, tun ban ce masa komai ba, hannunsa ya yi abin da ya saba: ya buga ƙofa sau uku ya ce "Kotu!" Malamai suna cikin naɗe kyaututtuka da takarda mai ƙyalli, wasu suka miƙe, wasu suka tsaya rabi da rabi, wata malama ta saki almakashi. Maimakon in ji kunya sai na ji daɗi. Na sa aka jawo mini teburin hedimasta tsakiya, na zauna, na buɗe littafina.

Malam Sidi yana kan benci a gefe yana duba littattafan yara. Da aka kira shi ya taso ya tsaya a gabana, hannaye a baya. Ban ce ya zauna ba. Na cire murfin biro na tambaye shi sunansa da sana'arsa, kamar yadda muke yi wa kowa.

"Sidi, ranki ya daɗe," ya ce. "Wanda ya koya miki rubuta naki da ajami."

Wani malami ya yi tari a baya. Ni kuwa na rubuta "Sidi" na ja layi a ƙarƙashi.

Na karanta masa laifinsa, na ce ya kare kansa. Ya yi bayani a hankali, ba gardama. Ya ce shi bai taɓa ƙin tashi ba, duk safiya yana tsaye tun a ɗaga tuta har a gama, kuma shi ke jera yaran aji ɗaya a layi don kada su yi wasa. Girmama ƙasa da mutanenta wajibi ne a wurinsa. Waƙar ce kawai ba ya yi, kuma ba wannan kaɗai ba, kowace iri. Tun ranar da ya sauke haddar Alƙur'ani yana saurayi ya ɗaukar wa malaminsa alkawari cewa harshen da ya yi wannan karatu ba zai rera waƙa ba. Ya ce bai ce haramun ce ga kowa ba, bai taɓa hana ɗalibi ko ɗaya ba, nasa bakin kawai ya kama. Tsohon taken ma shekara da shekaru bai rera ba, babu dai wanda ya taɓa bin layi yana duba baki ne.

Ni da na yi shekara biyar ina karanta shari'a, da shekara guda a makarantar lauyoyi, na san sashen da ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin tunani da addini kamar yadda na san sunana. A jarrabawa har shafi huɗu na cika a kansa. Amma a ranar ko giftawa bai yi a kaina ba. Abin da nake gani kawai shi ne malamai goma sha wani abu suna kallona, suna jiran su ga ko zan iya hukunta malamina. Sai na gyara tabarau na yi musu lacca a kan kishin ƙasa, wadda ta kai minti goma. Na ce taken ƙasa ba waƙa ba ce, rantsuwa ce (ban san inda na samo wannan ba). Na ce wanda bai iya buɗe baki ya yabi ƙasarsa ba bai cancanci ya tsaya gaban yara ba. Sannan na yanke hukunci: yau a gaban iyaye zai tsaya kusa da ni ya rera tare da kowa, in bai yi ba, kafin a tashi zan sa hannu a takardar sallama.

Ya ce zai tsaya inda na ce, kuma zai tsaya yadda ya saba. Na gargaɗe shi da cewa wannan magana tana kusa da raina kotu. A ɗakin malamai fa, tsakanin kwalin alli da tulin kyaututtuka. Don in ƙara wa abin armashi sai na juya ga hedimasta na ce a ba ni makirufo, ni da kaina zan ja taken, don wasu su ga yadda mai kishin ƙasa ke yi. Malam Bala ya buɗe baki kamar zai ce wani abu, ya kalli Kofur Iliya, ya rufe.

Ƙarfe goma fili ya cika. An kafa rumfuna uku, maza a dama, mata a hagu, yara sun jeru a tsakiya cikin fararen kaya. An yi ruwa da asuba, ƙasa ta lafa, gari ya yi daɗi. A babban tebur akwai dattawan kwamiti, da wakilin mai unguwa, da jami'i ɗaya daga ofishin ilimi wanda tunda ya zauna yake duba agogo. A rumfar mata kuwa duk wadda ta san ni tun ina yawo ba ɗankwali tana nan, Gwaggo a layin gaba. Malam Sidi ya zo ya tsaya a damana kamar yadda na umarta, taku biyu tsakaninmu.

Mai gabatarwa ya ce a miƙe don taken ƙasa, ya miƙo mini makirufo. 'Yan gangar makaranta suka yi ɗan kaɗe-kaɗen share fage. Ban ma jira su gama ba. Na ɗora hannu a ƙirji, na rufe ido, na ja numfashi, na saki murya.

Abin da ya fito daga bakina shi ne abin da na rera kowace safiya tun ina 'yar shekara shida. Wanda aka soke.

Ku fahimce ni, ban ji komai ba daidai ba. Na dai ji yara sun fara tare da ni, sai muryoyinmu suka ci karo, kamar mutum biyu sun haɗu a ƙofa ɗaya. Na ce a raina yaran nan ba a koya musu da kyau ba, sai na ƙara ɗaga murya don in dawo da su hanya. Lasifika kuwa sabuwa ce, an ce har Ƙofar Doka, can bakin gari, ana jiyo ni, ko da yake wannan ƙarin gishirin Gwaggo ne. A hankali yara suka yi ta yin shiru aji bayan aji. Ganga ta tsaya. Fili ya yi tsit, sai ni kaɗai. Kun san abin da na ɗauka? Na ɗauka muryata ce ta ratsa su. Wallahi har wani sanyi na ji a raina, na ce ashe haka Allah ya yi mini baiwa ban sani ba. Na ja baitin har ƙarshe, na riƙe kalmar ƙarshe na karkaɗa ta yadda mawaƙa ke yi, sannan na buɗe ido ina jiran tafi.

Farkon wanda na gani Kofur Iliya ne, ya ƙame yana sara wa tuta, amma kafaɗunsa suna rawa. Jami'in ilimi ya daina duba agogo. Yara ɗari uku sun zuba mini ido baki buɗe. A rumfar mata rabinsu sun cusa fuska cikin mayafi, wasu kuma sun ɗaga waya sama. Hedimasta ya matso, gumi na bin wuyansa, ya raɗa mini cewa ranki ya daɗe, wancan ne tsohon, an canza.

Na so ƙasa ta tsage. Amma maimakon in ajiye makirufo in nemi wuri in zauna, sai girman kai ya ce mini ai ana iya gyarawa. Na yi murmushin ƙarfin hali na ce wannan gwaji ne, yanzu za mu yi na gaske. Na fara. Kalma uku na farko na sani, su ma daga rediyo. Bayan su babu komai a kaina sai iska. Na yi ɗan gunaguni da hanci ko Allah zai kawo sauran, bai kawo ba. Sai na karkata wajen hedimasta na ce masa a hankali, "Me ke biye?" Na manta makirufo na manne da bakina. Tambayar ta fita ta lasifika huɗu, ta bugi bangon aji shida ta dawo mini.

Wata yarinya 'yar aji ɗaya ta ɗauka da gaske tambayar jama'a nake yi, ta ɗaga hannu.

A nan dariyar ta ɓalle. Ba ta mugunta ba ce, irin wadda mutum ya danne har ta fi ƙarfinsa ce, amma ni a lokacin da a ce mari ne da ya fi mini sauƙi. Idona ya cika da ƙwalla, ina riƙe da makirufo ban san yadda ake ajiye shi ba. Sai na ji an zare shi daga hannuna a hankali. Malam Sidi ne. Ya kashe shi ya miƙa wa mai gabatarwa, ya juya ga yara ya yi musu kallon nan nasa, nan take fili ya nutsu. Ya ce wa shugabar ɗalibai su ɗauka daga farko, ya yi wa masu ganga alama da kai. Sannan ya dawo gefena, bai kalle ni ba, ya ce yadda ni kaɗai zan ji:

"Ki tsaya kawai, 'yata. Tsayuwar ma girmamawa ce."

Yara suka ɗauka, iyaye suka bi, tsofaffin ma har sun fi kowa murya don da shi suka tashi. Duk filin nan mutum biyu ne kawai bakinsu a rufe, kuma ga su a jere a gaban kowa. Shi ya yi shiru don alkawarin da ya riƙe shekara arba'in, ni na yi shiru don ban iya ba. Minti ɗaya da 'yan kai ne, amma a cikinsa na yi tunanin da ban yi ba a wata bakwai. Bisa hukuncin da na yanke da bakina awa ɗaya da ta wuce, wanda bai buɗe baki ya rera ba bai cancanci tsayawa gaban yara ba. To ga ni.

Da muka zauna, yara suka fara karatun maraba, sai na ce wa hedimasta ya ba ni fayil ɗin. Na nemo takardar ofishin ilimi, wadda duk rigimar ta taso daga gare ta, na karanta a karo na farko. Layi huɗu ce. Ta ce a koya wa ɗalibai sabon taken kafin ƙarshen zango. Ba ta ambaci malamai ba, ba ta ce a duba bakin kowa ba, balle sallama. Na nuna masa da yatsa. Ya karanta, ya sake karantawa, ya ce shi dai gudun matsala yake yi. Na ce na sani, kuma laifina ya fi nasa, don shi tsoro ya ji, ni kuwa alƙaliya ce da ta yanke hukunci ba ta karanta takardar da ke gabanta ba.

Aka kira shugabar kwamiti ta yi jawabi. Ina da shafi uku da na rubuta a kan tarbiyya da kishin ƙasa, na bar su a jaka. Da na karɓi makirufo sai da aka ɗan yi guna-guni, wata daga rumfar mata ta ce Allah ya sa ba wata waƙar ba ce. Na ce a kwantar da hankali, na yi ritaya daga waƙa. Aka yi dariya, wannan karon tare da ni.

Na faɗa musu duk abin da ya faru da safe, ban rage komai ba, har bugun ƙofa. Na ce na kafa kotu a inda babu kotu. Alƙali ikonsa yana cikin ɗakin shari'arsa ne, a kan ƙarar da aka kawo masa bisa doka, in ya fito daga nan shi ma ɗan unguwa ne kamar kowa. Na ce ko a cikin kotun ma, babu alƙalin da ke da hurumin buɗe bakin mutum ya sa masa abin da zuciyarsa ta ƙi, muddin bai tauye haƙƙin kowa ba, don sashe na talatin da takwas na tsarin mulki ya riga ya ba shi wannan 'yanci, kuma tsarin mulki yana sama da ni. Abin mamaki, yanzu da na daina fankama sai karatun ya dawo mini tsaf, har jami'in ilimi yana gyaɗa kai. Na ce ƙasar da muke rera wa take ita ce ta rubuta wannan sashe, wanda ya tsaya mata cikin ladabi bai raina ta ba. Sannan na ɗaga takardar sallamar sama na ce a matsayina na shugabar kwamiti, wanda shi kaɗai ne matsayin da nake da shi a nan, ba zan sa hannu ba, kuma ina roƙon dattawa su mara mini baya.

Wani Alhaji a cikin kwamitin, wanda dama ba ya barin magana ta wuce shi, ya ce to in kowane malami ya ce shi ma ba zai yi ba fa? Tambaya ce mai kyau, kuma ban shirya mata ba. Na ce in ranar ta zo za mu zauna mu duba, amma yau mutum ɗaya ne a gabanmu, kuma ba baƙo ba ne. Sai na juya ga jama'a na ce duk wanda Malam Sidi ya taɓa koyarwa, ko ya koyar da ɗansa, ya taimaka ya miƙe.

Na zaci mutum talatin ko arba'in. Kujeru suka fara ƙara ta ko'ina. Rumfar maza ta tashi kusan duka, teloli da 'yan kasuwa da ma'aikata, har da wani likita da ya zo da kayan aiki a jikinsa. Rumfar mata ta tashi. Wakilin mai unguwa ya tashi. Alhajin da ya yi tambaya ya waiga hagu da dama, ya tuna 'ya'yansa shida duk ta hannun Malam suka bi, shi ma ya tattara babbar rigarsa ya miƙe. Yara da suka ga manya a tsaye sai suka hau tafi. Gwaggo ta rangaɗa guɗa tun daga layin gaba, sauran mata suka amsa. Hedimasta da kansa ya karɓi takardar daga hannuna ya ninke ta huɗu ya sa a aljihu. An sha tashi mini a kotu, amma ban taɓa jin daɗin ganin mutane a tsaye irin na ranar ba, ga shi kuma ba ni aka tashi wa ba.

Malam Sidi yana zaune a kujerarsa, kansa a ƙasa, yana murza hularsa a gwiwa.

Bayan an watse na same shi a bakin ajinsa. Na cire tabarau, na durƙusa har ƙasa yadda ake gaida malami, na ce ya yafe mini. Ya ce in tashi kada abayata ta ɓaci, ya yafe tun a ɗakin malamai. Sai ya ce dama akwai tambayar da ya so ya yi mini da safe, ya ga raina a ɓace ya fasa. Na ce ya yi.

"Da na so ɗaukaka ƙara, ina zan kai?"

Na ce babu inda zai kai, don wancan zama ba kotu ba ne, babu shi a kowane littafi.

"To, alhamdu lillahi," ya ce. "Na san haka. So nake in ji ko kin sani."

Har yau Malam Sidi yana koyarwa, kuma har yau bakinsa ba ya motsi a taron safe. Ni kuwa sai da ƙaramar 'yata ta yi sati guda tana tsayar da ni a tsakar gida kafin na haddace sabon taken, in na yi kuskure ta ce a sake daga farko. Abin da na koya bai da yawa: kafin in tambayi kowa sunansa da sana'arsa, ina fara tambayar kaina ko ina da hurumi, kuma abin da ban iya ba ba na tilasta wa wani. Na yanke shari'o'i da dama tun daga lokacin, wasu har an yaba a sama. Amma a Kusfa hukuncina ɗaya kawai ake ambata da alheri, shi ne wanda na soke da bakina kafin azahar.